Mai Gadin da Ya Share wa Shaho Fili

Ku gyara zama. Wanda ke tsaye ya jawo kujera, mai shayi ya ƙara ruwa a buta, don labarin Am Othman, wato Baffa Othman, ba a jin sa da ƙafa ɗaya a waje. In kun taɓa bi ta Mahjar, can kudancin Jidda, kuka ga wani dogon tsoho da farar jallabiya da usur rataye a wuya, yana tafe yana kallon sama kamar wanda aka yi wa alkawarin za a jefo masa wani abu, to shi ne. Lafiyarsa ƙalau. Shaho yake nema.

A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso da ƙafa daga wani ƙauye a ƙasar Katsina da niyyar aikin hajji, ya shekara bakwai a hanya yana yi wa mutane noma a Sudan yana haɗa guzuri. Da ya sauke farali ya waiwayi hanyar gida, ya ga tsawonta bai ragu ba, sai ya zauna. Jikan ya tashi da Larabci a baki, Hausa a ƙarƙashin harshe, da iƙama, takardar izinin zama, a aljihu wadda har gobe sai an sabunta masa ita kamar baƙon da ya sauka a jirgin jiya.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin haris, wato mai gadi, a wani bene mai hawa shida a unguwar Bani Malik. A duk shekarun nan aƙida ɗaya ya riƙe: duk lungun da ido ba ya kaiwa akwai ɓarawo a cikinsa, in ma bai iso ba yana hanya. Saboda haka ya ɗaura yaƙi da kwalayen ƙarƙashin matakala, da tukwanen fulawa da matan bene ke ajiyewa a ƙofa, da kekunan yara, da duk abin da mutum zai iya raɓewa a bayansa. Benen nan ya koma kamar tafin hannu. Mutum ɗaya tak ya taɓa kamawa, wani bawan Allah da ya tsuguna bayan ginshiƙi yana karanta mitar lantarki. Ya kulle shi a ɗakin famfo har mai bene ya zo ya ba da haƙuri. Har yau in kuka ce masa bai taɓa kama ɓarawo ba, sai ya gyara zama ya ce, "Ai shi ne aikin. Sun san ina nan."

Matarsa Turai kuwa, Allah ya ji ƙanta, kamar an haɗa su ne don a ga wanda zai fara gajiya. Gidansu tsohon gida ne na ƙasa, da hosh a baya, 'yar tsakar gida da katanga ta kewaye. Hosh ɗin nata ne. Akwai lallen da ta shuka shekarar da aka haifi 'yarsu Dalal, ya yi duhu ya cinye kusurwa guda. Akwai wata fulawa mai ƙaya da ta hau katanga tana leƙen maƙwabta. Akwai tarin busassun rassan dogon-yaro da take cewa za ta yi suya da su ran salla, sallar da ba ta taɓa zuwa ba. Ga tsohon gadon ƙarfe, ga akwatin wani mukayyif da ya daina ba da sanyi tun Dalal na goye. A gindin wannan hargitsi, dab da lallen, take ajiye wani lotsattsen tire. Kowace safiya ta zuba gero tafi biyu, da ragowar shinkafar jiya, da busasshen burodi da ta jiƙa, don a garin nan ba a jefa burodi a shara. Ta cika kwano da ruwa. Kurciyoyi su sauko, gwara su sauko, wani lokaci har da wasu korayen aku biyu masu surutu.

Ranar Juma'a Am Othman yake hutu, kuma ranar yake wa'azin tsabta.

"Ya Turai, wannan ba gida ba ne, juji ne. Da a benena ne, minti goma ya ishe ni."

"To ba benenka ba ne. Shi ma can ɗin ba naka ba ne," in ji ta. "Je ka yi gadin kayan mutane, ka bar mini hoshina."

"Geron da mutum zai ci kike ba tsuntsu."

"Kai ka ɗauko shi?"

Bai taɓa ɗaukowa ba. Shekara talatin ita ke shiga mota zuwa kasuwar Bab Makka, wurin wani mai hatsi ɗan Nijar da ake kira Maman Lawali, ta sayo, ta jawo buhun har hosh, mijinta yana zaune yana koya mata yadda ake ɗaga kaya ba a ji ciwon baya ba.

Wata uku bayan ya ajiye aiki, Turai ta kwanta. Wata la'asar ɗakin na cike da matan unguwa 'yan dubiya, ta yafito shi da hannu. Ya sunkuya, ta yi magana can ƙasa-ƙasa, irin maganar da ba ta wuce kunne biyu. "Othman, tsuntsayena. Kada ka bar tiren nan ba hatsi."

Wani mijin da sai ya riƙe hannunta ya ce to. Am Othman miƙewa ya yi tsaye, ya gyara murya yadda har na bakin ƙofa za su ji. "Wallahi, muddin ina numfashi, tiren nan ba zai wuni ba hatsi a cikinsa ba. Ko rana ɗaya."

Mata suka yi kabbara. Hadiyya, yayar Turai, wadda ba ta taɓa yarda ƙanwarta ta yi dacen miji ba, ta ce, "Mun ji. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin nan." Turai ta rufe ido. Wasu sun ce gajiya ce. Hadiyya ta ce sanin hali ne.

Bayan kwana tara aka kai ta. A nan sai mu yi masa adalci. A shekara arba'in da ɗaya na aure, wannan ne abu ɗaya da ta roƙe shi ya amsa ba gardama, kuma ya san haka sarai. Rantsuwar nan ita ce abin da ya rage masa na Turai, ya kuwa riƙe ta riƙon da bai taɓa yi wa matar ba.

Ana tashi daga zaman makoki ya buɗe ƙofar hosh, ya tsaya ya dube shi da idon haris. Kwana biyu, halas, an gama. Ya kira masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe gado da mukayyif. Ya sa aka sare lallen daga tushe, aka yage fulawar ƙaya daga katanga, aka loda rassan dogon-yaro a mota. Aka zuba siminti, aka shafa wa katanga farin fenti. Ya sa maƙeri ya yi masa doguwar ƙafa ta ƙarfe, ya kafa ta a tsakiyar fili daidai, ya ɗora tiren Turai a kai kamar kofin da ƙungiyar ƙwallo ta ciwo. Ya ja da baya, ya duba gabas ya duba yamma. Babu inda ko ƙadangare zai ɓuya.

Dalal ta zo ran Juma'a daga gidan mijinta. Ita irin yaran nan ne da ke jin Hausa tsaf, amma in za su mayar sai sun ɗebo rabi daga Larabci. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe.

"Abuya, lallen Ummi fen? Ina yake?"

"Lalle ake ci? Duba nan. Yanzu tsuntsayenta sun samu tsaro."

Ya ninka geron sau biyar. Duk tsawon zafin shekarar nan kurciyoyin Mahjar suka yi ta ba juna labari, har fili ya zama ba wurin sa ƙafa. Unguwa ta sa masa suna Abu Hamam, uban kurciyoyi, kuma kafin a rufe baki ya amsa. Ya fara jawo mutane daga masallaci su zo su gani, ya tsayar da su a rana yana bayani. "Marigayiya ta yi iya ƙoƙarinta," yakan ce, "tsari ne dai babu."

Sai zafi ya fara sassautawa, wajen watan Oktoba, lokacin da tsuntsaye masu farauta ke biyowa ta gaɓar tekun nan suna neman inda za su yi zaman sanyi. Wata safiya ya fito da shayinsa ya tarar da tarin gashin kurciya a kan siminti. Ya ce kyanwa ce. Ya sa aka jera fasassun kwalabe a kan katanga. Washegari ya gani da idonsa. Wani abu launin toka ya zubo daga kan tankin ruwan maƙwabta, ya biyo bakin katanga ƙasa-ƙasa. Kurciyoyi suka tashi gaba ɗaya, suka rasa inda za su nufa, dama farar katanga, hagu farar katanga, sama fili. Ya zaɓi ɗaya kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, ya danne ta a ƙasa, ya ɗago kai ya kalli Am Othman da idanu rawaya, sannan ya ci gaba da figa. Shayi ya huce a hannun tsoho. Abin da ya fi ƙona masa rai, shahon ma ba wani babba ba ne.

Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana jiran ɓarawo, ga ɓarawo ya zo har gida. Wanda ya ce bai ji wani ɗan daɗi can ƙasan ransa ba, bai san shi ba. Ya ciro tsohuwar rigar aiki daga akwati, ya rataya usur, ya ɗauki sanda, ya kafa kujera. Rana na fitowa yana zaune. Shaho na kan tanki, shi yana kan kujera, suna kallon juna kamar surukan da ba sa shiri. Amma tsoho ne mai shan shayi kofi huɗu kafin hantsi, shaho kuwa ba ya shan shayi. Cikin kwana uku tsuntsun ya haddace lokutan. Am Othman zai shiga bayi da sauri, ya fito yana gyara tufa, ya tarar da gashi yana saukowa a hankali.

Ya haɗa mutum-mutumi da sandar tsintsiya, ya sa masa tsohuwar jallabiyarsa, ya yafa masa jan ƙyallen kai. Kurciyoyi suka tsorata suka ƙaurace kwana biyu. A na uku yunwa ta dawo da su, shaho kuwa ya bar tanki ya koma kan mutum-mutumin, don ya fi kusa. Wata maƙwabciya da ta hango ta taga ta ba da labari ta ga Abu Hamam tsaye a rana da shaho a ka, ko motsi ba ya yi, har ta yi masa addu'ar samun sauƙi.

Wani a masallaci ya ce shaho na tsoron mujiya. Ya sayo ta roba mai manyan idanu ya ɗora a katanga tana fuskantar titi. A ranar sai ga Hadiyya ta zo.

"Ya Othman, mene ne wancan?"

"Kayan aiki ne, Yaya."

"Mujiya, a gidan da ko shekara ba a yi da rasuwa ba? Wa kuma kake kira?"

"Ta roba ce."

"Mai wucewa zai tsaya ya taɓa ne? Sauke ta kafin a ce gidan ƙanwata ya koma gidan boka." Ta leƙa hosh, ta ga gashin da tsintsiya ta tara a kusurwa. "Ikon Allah. Turai ta bar maka tsuntsaye, kai ka buɗe mahauta."

"Tire cike yake, Yaya. Duba da kyau."

"Na gani. Masu cin ne ke raguwa."

Dalal ta kawo masa kyamara da ke haɗe da waya, ta kafa a kan ƙofa, wai ko zai huta da zaman rana. Sai abin ya ƙara ɓaci, don yanzu yana da shaida. Kowace safiya zai zauna ya kalli kisan sau uku, ya tsayar, ya matso da hoton da yatsu biyu, ya kai masallaci yana nuna wa mutane fuskar mai laifi. "Ga shi nan a sarari. Da mutum ne, da yanzu yana hannun hukuma."

"Abuya, haram," in ji Dalal. "Kullum ɗaya, kullum ɗaya. Lokacin Ummi ba haka."

"Lokacin Umminki ba kyamara."

"Lokacin Ummi ba gashi a ƙasa."

Ya ɗauki usur ya busa, alhali ba kowa a kan tanki.

Maman Lawali ne ya warware maganar. Ganin buhu na ƙarewa da wuri, kuma tsoho ba ya iya barin kujera ya zo Bab Makka, sai ya ɗauko ɗaya ya kawo da kansa, shigarsa gidan ta farko ke nan. Shi ɗan wani ƙauye ne kusa da Tasawa, ya girma yana korar tsuntsaye daga gonar geron ubansa, don haka ya san su irin sanin da abokin gaba ke yi, wanda ya fi na masoyi zurfi. Ya tarar da Am Othman na tambayar inda ake sayar da bindigar iska.

"Bindiga, Alhaji? Tsakiyar Jidda? Ni da kai masu iƙama ne. Harbi guda, maƙwabci ya buga waya, halas, sai ka ga Katsinar da kakanka ya ƙi komawa."

"To shi fa?" Am Othman ya nuna tanki da sanda. "Ba iƙama, ba kafilin da ya tsaya masa, ya shigo ƙasa ba wanda ya tambaye shi takarda, kullum yana cin nama. Ni da aka haife ni a nan..."

"Shi ta bisa ya biyo, Alhaji."

Ya sauke buhun, ya zagaya fili a hankali, ya taɓa katanga, ya kalli doguwar ƙafar ƙarfe, ya kalli tanki. "To, bon. Ina ƙayar?"

"Wace ƙaya?"

"Hajiya ta sha hwaɗa mini tana da lalle da icen ƙaya, gindinsu take aje tire."

"Na share. Maɓoyar ɓarayi ce."

Maman Lawali ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. "Alhaji, kai gadin mutane ka yi. Can, wanda ya ɓuya shi ne ɓarawo. Nan, wanda ya ɓuya shi ne mai gida. Ƙaramin tsuntsu bai da sanda, bai da usur. In ya ga inuwa ta gilma sai ya hwaɗa cikin ƙaya, shaho ya tsaya waje yana haushi. Kai ka rushe musu ɗaki, ka share hili, ka yi hwarin henti don a gan su da kyau, ka tara su wuri guda bisa tabur. Restoran ka buɗe mishi. Cokali kaɗai ya rage ka ba shi."

Am Othman ya juya. Ya kalli kusurwar da lallen yake a da, ya daɗe yana kallo, har Maman Lawali ya fara jin nauyin abin da ya faɗa. Can tsoho ya buga ƙasa da sanda ya ce, "Siminti ne mai kyau."

"Mai kyau ne, Alhaji. Ka maido ƙaya, ka sa tire gindinta, ka rage geron. Amma wannan ya riga ya san gida. Sai ka ɗauke tiren kwana goma sha biyar. Kurciyoyi su watse, ba su mutuwa, garin nan kowane lungu wani ya zubda shinkahwa don lada. Shi kuma in ya zo ya zo bai samu ba, ya tahi."

"Ba zai yiwu ba. Na rantse."

"To ci gaba da yi mishi kiwo. Ni dai gero nike saidawa."

Rabin shawarar ya ɗauka, rabin da ba ya taɓa rantsuwa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fitar da tarkace daga bene, sai ga shi a kasuwar tsofaffin kaya yana duba karyayyen gado, yana cewa mai kaya wannan bai karye sosai ba, a nuna masa wani. Ya bi masu sassabe itatuwan titi yana roƙon rassa masu ƙaya. Ya zaɓi tsakar rana ya jawo su gida, lokacin da yake zaton kowa na barci, Mahjar kuwa gaba ɗaya ta gani ta taga. Ya tara su a kusurwa. Gwara suka gane nan take, inuwa na gilmawa sai su shige. Amma kurciyoyin sun yi yawa, sun yi ƙiba da geron wata bakwai, tarin ƙaya ɗaya ba ya ɗaukar su, shaho kuma ya riga ya san gida. Kisan kullum ya koma bayan kwana bibbiyu. Am Othman ya kira wannan nasara, amma shi ke riƙe da tsintsiya.

Bayan wata azahar ya jira kowa ya fita, ya matsa kusa da liman, ya ce yana tambaya ne a madadin wani abokinsa. Liman, dattijo mai haƙuri wanda ya ga hoton shahon sau bakwai, ya ce a gaya wa abokin, wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, ya bari, ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. "Abu ne mai sauƙi, Am Othman. Ka gaishe da abokin naka."

Sauƙi a wurin liman. Kaffara ma'anarta rantsuwa ta karye, ga mata goma sha ɗaya, Hadiyya a gabansu. Amma ba su ne suka hana shi cin abincin rana ba. Akwai ta goma sha biyu, wadda ta yi maganar can ƙasa-ƙasa, kuma ita ba a iya zuwa a yi mata bayani.

Kwana biyu yana juya kalmomin rantsuwar a baki kamar mai duba takardar haya. Ran Asabar, yana dawowa daga sallar asuba, ya fita hosh ya cika tire da gero har ya yi tozo. Ya ɗauke shi da hannu biyu, ya shiga da shi ɗaki, ya ajiye a kan gado, ɓangaren da Turai ke kwanciya. Ya ja ƙofa.

Labari bai kai hantsi ba ya isa wurin Hadiyya.

"Ina tiren?"

"Yana ciki."

"Ciki ina?"

"Ɗaki. Cike yake, shiga ki gani. Na ce ba zai wuni ba hatsi ba. Ban ce a ina ba."

"Othman, Allah kake yi wa wayo, ko Turai?"

"Ba wanda nake yi wa wayo, Yaya. Gadi nake yi."

"Ashe tururuwa ƙanwata ta bar maka amana." Ta tura ƙofar ɗakin da sauran magana a bakinta. Ta ga tiren, ta ga inda aka ajiye shi, ta ga an gyara masa zanin gado. Ta tsaya. Ta fito ba ta ƙarasa ba, ta bar shayinta a ƙasa. Ba a taɓa ganin haka ba, kuma bai daɗe ba, don kafin la'asar sauran goman sun ji komai.

Kwanakin nan goma sha biyar su ne mafi tsawo a rayuwarsa. Rana na fitowa kurciyoyi su jeru a kan farar katanga, tsakanin fasassun kwalabe, su kalli ƙafar ƙarfe da ba komai a kanta, su kalli ƙofa. Shi kuwa yana bayan labule yana leƙen su ta 'yar kafa. Mutumin da ya tsani mai ɓuya, ga shi ɓoye a cikin gidansa, yana gudun kurciya ta gan shi. In suka fara kuka sai ya ƙara muryar rediyo. Tururuwa suka gano tiren a rana ta uku, ya koma kwana a bakin gado, hannu ɗaya a ƙasa. Kowace safiya ya tsince su, ya ƙara gero tafi guda a kan wanda ba wanda ya ci.

A rana ta huɗu kurciyoyin suka ragu da rabi. A ta bakwai 'yan tsiraru ne. Shaho ya zo ya zauna a kan tanki, ya karkata kai ya duba fili, ya duba kujerar da ba kowa, kamar mai son ya tambayi ko lafiya. Ya zo a ta takwas, ya zo a ta tara. A ta goma bai zo ba. Am Othman ya so ya fito da tire a take, amma ya daure har goma sha biyar ta cika.

A ta goma sha shida ya fito da shi, ya ajiye a ƙasa a gindin ƙaya, ya zuba tafi biyu. Ya jira har hantsi. Kurciya bakwai suka sauko, da gwara kaɗan, suna ci suna ɗaga kai. Ba abin da ya zubo daga sama.

A masallaci kuwa sai ku ji shi. "Dabara ce ta tsaro. Ka janye kaya daga idon ɓarawo, ya gaji ya tafi. Sai wanda ya yi aikin ya san ta." Sunan Maman Lawali bai taɓa fitowa a labarin ba. Kuma duk wanda ya kawo maganar rantsuwa, sai ya ɗaga yatsa ya ce tire bai wuni ba hatsi ba, ko rana ɗaya, a je a tambayi Hadiyya.

Sai dai Maman Lawali yana da nasa labarin, yana ba masu sayen gero kyauta. Ya ce la'asar ɗin ranar ta goma sha shida ya hango wani dogon tsoho a Bab Makka, ya rufe rabin fuska da ƙyallen kai, ɗauke da manyan ledoji biyu, yana bin masu zama a gindin bango yana miƙa musu ƙunshin shinkafa da rabin kaza, yana sauri kamar wanda ya sato. "Na ƙidaya, goma cif. Na ce Alhaji, ya ƙara sauri. Kaji biyar suka tahi don kurciya bakwai su rayu."

Da Dalal ta tambaye shi, ya ce sadaka ce kawai, mutum ba zai yi sadaka ba sai an yi masa tambaya? Da ta ce me ya sa goma, ya ce yalla, maza ta tashi ta duba shayi.

To ku da kuka zauna kuka ji, ku raba mana gardamar nan da ta hana Mahjar sakat: in tiren da ya yi kwana goma sha biyar a kan gado ya tsare rantsuwa, shinkafar mutum goma ta mece ce?